Miliyan Goma Ba Rara

Ranar Litinin da la'asar Lauya ta faɗo shagon ɗinkin mahaifiyarta da ke ƙofar gidansu kamar an jefo ta, jaka na reto a kafaɗa ɗaya, sallamarta ma rabi ta yi.

"Umma, mun yi kuɗi! Miliyan goma!"

Umma ba ta ɗaga ƙafa daga keken ɗinki ba. Shekara goma sha uku tana jin labaran yarinyar nan, ta san ba a yi mata laƙabi da Lauya a banza ba. Tun tana 'yar shekara huɗu take kafa hujja a kan lokacin wanka.

"To madalla. Ajiye su can kusa da dutsen guga, ki miƙo min almakashi."

"Wallahi da gaske nake! Malamar lissafi ce ta ba mu. Kowa a aji miliyan goma."

Sai a nan keken ya tsaya. Lauya ta zaro takarda daga jaka, ta share guntayen yadi daga kan teburin yanka, ta shimfiɗa ta. Aikin gida ne. Kowane ɗalibi zai tsara wa iyalinsa, mutum huɗu, tafiyar hutu ta kwana biyar zuwa wani ƙaton filin wasanni. Malama ta raba musu ɗan littafi mai hotuna da farashin komai, tun daga kujerar jirgi har kofin ruwan lemo. Ranar Juma'a kowa zai tsaya gaban aji da iyaye ya karanta kasafinsa.

"Ga sharaɗin," in ji Lauya, ta ɗora yatsa a kan layin ƙarshe. "Wanda ya wuce miliyan goma ya faɗi. Wanda ya bar rara, a rage masa maki. Wanda ya kashe su tas, shi ne gwani."

Umma ta yi 'yar dariya ta hanci. A ranta ta ce babu malamar da hankalinta ɗaya da za ta koya wa 'ya'yan mutane ƙarar da kuɗi. Tarko ne, ana so a ga wa zai faɗa. Amma da ta ga yadda idon yarinyar ke ƙyalli, sai ta koma kan ɗinkinta.

Ya kamata a san Umma kafin a yi mata hukunci. Ita tela ce, kuma duk layin an san ta da abu ɗaya, wato barin rara. Ba ta taɓa yanka yadi a kan layin alli ba, sai ta matsa da almakashi faɗin yatsa uku. Rigar yaro kuwa, sai ta naɗe kusan taƙi guda a ciki, wai yara tsiro suke kamar ciyawa. Akwai buhu uku na ƙyallaye a ƙarƙashin teburinta, ta san tarihin kowane. Da wannan halin ta riƙe gida shekarar da aikin maigidanta ya tsaya, don haka ba mai iya raina shi. Sai dai hali zanen dutse ne, ba ya sanin inda ya kamata ya tsaya. Siket ɗin makarantar Lauya shekararsa uku, sau uku ana warware naɗin ƙasansa, kowace warwara ta bar layi mai duhu a jikin yadin da ya koɗe. 'Yan ajinsu har sun sa masa suna, wai siket mai hawa uku. Lauya ta taɓa faɗa sau ɗaya, Umma ta ce, "Ai hawa uku masu kuɗi ke ginawa," aka yi dariya, maganar ta wuce.

Da yamma aka baje littafin a kan tabarmar falo, gida ya kacame. Baba, wanda mai walda ne, ya dawo ko wanka bai yi ba ya tsugunna a kan hoton wani jirgin ƙasa da ke hawa sama a kan siririn dogo, ya juya da mutane kai ƙasa, ya sake sulalowa.

"Wa ya yi musu waldar nan?" Ya kai hoton kusa da ido. "Ni fa sai na ga mahaɗar ƙarfen da idona kafin in hau."

"Baba, tsoro kake ji!"

"Tsoro? Ni? Sana'a ce ke magana, 'yar nan."

Kaka, mahaifiyar Baba, wadda gwiwa ta hana ta zuwa ko bakin titi, ta miƙo hannu. "Ba ni nan in gani. Kai, wannan ne kake wa kwana-kwana? Ke Lauya, rubuta ni a kujerar gaba. Shi a bar masa dokin katakon can mai zagayawa, na jarirai."

Lauya ta faɗi a kan tabarma tana dariya. "Kaka, haƙoranki za su zube a sama!"

"Su zube mana, guda nawa suka rage? In za ka sha giya, sha ta dubu."

Daga nan aka shiga kashe kuɗi ba ji ba gani. Jirgin sama, kujerun gaba masu kwantawa, miliyan huɗu. Otal a cikin filin wasan kansa, ɗaki biyu masu kallon tafki, miliyan uku. Tikiti na musamman wanda mai shi ba ya bin layi, miliyan ɗaya da rabi. Abinci dubu ɗari takwas, mota da direba dubu ɗari uku. Aka samo wa Kaka keken marasa lafiya mai batir a kan dubu ɗari, ta ce lallai ja take so, kuma mai oda. Tsaraba dubu ɗari biyu, Baba ya ce a sa masa hula mai kunnuwa, zai shiga da ita wurin aiki ya ga wanda zai yi magana.

Umma tana gefe tana sa maɓalli a rigar wata, kowane adadi aka ambata sai allurar ta tsaya.

"Miliyan uku a kwana kawai? Barcin nan da ake yi kyauta a gida?"

"Umma, kuɗin takarda ne fa."

"Ko na takarda ne, ai ba a wulaƙanta kuɗi. Mu tafi da kula biyu mana, in dafa shinkafa. Ruwa kuma a cika jarka."

"Ke dai ko a mafarki sai kin nemi ragi," in ji Baba.

Lauya ta haɗa lissafi sau biyu, ta samu miliyan tara da dubu ɗari tara. Ta ɗago.

"Saura dubu ɗari. Umma, naki ne. Kowa ya zaɓi abinsa, saura ke. Me kike so?"

"Ni? A ajiye su."

"Ba a ajiyewa!"

"To ban son komai. Ganinku ya ishe ni."

Lauya ta rubuta a layin ƙarshe, "Na Umma," ta ja dogon layi a gabansa, ta bar shi fili.

Kwana biyu yarinyar nan ba ta da zance sai na tafiya. Ta sayi babban farin kwali da kuɗin abincin makarantarta, ta zauna a kan teburin yanka bayan an tashi makaranta tana zanawa. Ta zana dogon jirgin yana murɗewa daga wannan kusurwa zuwa waccan, ga Kaka a gaba ɗankwali na tashi, ga Baba a baya ya runtse ido. Ta jera adadin a tsakiya da rubutun da ya fi na littafi kyau. Masu kawo ɗinki suka riƙa tsayawa kallo, wata har ta tambaya yaushe ne tafiyar, ko za a taho mata da turare. Ranar Laraba da yamma Lauya ta gama, ta jingine kwalin a bango don fentin ya bushe, ta ja da baya tana kallonsa, bakinta har kunne.

"Wannan karon ba wanda zai kalli siket ɗina," ta ce, kamar da kanta take magana. Umma ta ji, amma keke na gudu, ba ta ba maganar muhimmanci ba.

Ranar Alhamis da hantsi shago ya yi shiru, ba kowa sai Umma da kwalin. Ta yi ɗinki kaɗan, ta waiwaya ta kalle shi. Ta yi guga, ta sake waiwayawa. Miliyan huɗun nan na jirgi sai kallonta suke. Tausayin 'yarta ya kama ta. Gobe yarinya za ta tsaya gaban jama'a ta nuna an haife ta a gidan da ba a san darajar kuɗi ba, malama ta girgiza kai, wata 'yar da uwarta ta koya mata tattali ta ɗauke makin. Ina amfanin uwa in tana gani za a faɗa rami ta yi shiru?

Ta ɗauko jan biron da take rubuta awo da shi. Da farko cewa ta yi jirgin kawai za ta taɓa. Ta soke shi, ta rubuta motar haya a sama. To wanda ya zo a motar haya me zai yi da direba? Ta soke. Ɗaki biyu suka koma ɗaya a wani masauki can bayan gari, ita da Kaka da Lauya a gado, Baba a ƙasa. Tikitin tsallake layi ya tafi, ai layi ba ya kisa. Abinci ya koma buhun shinkafa ƙarami da mai da risho. Keken Kaka ma bai tsira ba, Baba zai tura ta a na hannu. Da ta iso layin ƙarshe, inda aka rubuta "Na Umma," ba ta ko tsaya ba, ta ja masa jan layi biyu. Wannan shi ya fi sauƙin sokewa.

Ta haɗa lissafi, ta ji wani daɗi ya ratsa ta irin wanda take ji in ta fitar da riga da ɗankwali daga yadin da aka ce ba zai isa ba. A ƙasan kwalin ta rubuta da manyan baƙaƙe: RARA, MILIYAN SHIDA DA RABI. Har ta zagaye shi.

Ƙarfe biyu da rabi Lauya ta shigo da waƙa a bakinta. Waƙar ta yanke a bakin ƙofa.

"Kin gani?" in ji Umma da fara'a. "Na ɗan rage miki shi. Gobe malamarku za ta san daga gidan da kika fito."

Lauya ta ajiye jakarta. Ta matsa kusa da kwalin, ta bi jajayen layukan da ido ɗaya bayan ɗaya har ƙasa. Da ta yi magana, muryarta ƙasa-ƙasa ta fito.

"Umma, na tambaye ta. Jiya na tambaye ta a gaban kowa, na ce in mutum ya yi tattali fa? Ta ce kasafi ba ƙin kashewa ba ne, sanin inda kowane kwabo zai tafi ne. Ta ce mai rara bai gama aikinsa ba."

Umma ta sake duban kwalin. "To ai ni gani na yi..."

"Kullum sai an bar rara. Takalmi a sayo babba, wai zan girma. Riga a naɗe, wai ta baɗi ce. Ni ban taɓa sa abin da ya yi min daidai yau ba, Umma. Ban ce komai ba, na san dalili. Amma wannan ba kuɗin kowa ba ne! Ba wanda zai kwana da yunwa saboda su. Sau ɗaya, a takarda, na ce mu je mu more." Hawaye suka zubo, ta nuna layin ƙarshe. "Har naki kika soke. Shi na fi so a duka."

Umma ta dubi kwalin, ta dubi siket mai hawa uku da ke tsaye a gabanta, kunya ta rufe ta. Garin gyaran gira ta tsone ido. Ta ji zafin abin har cikin ƙirjinta, don ba mugunta ta kai ta ba, ƙauna ce, ga shi kuma ƙaunar ta sa 'yarta kuka.

Amma Umma ba mai tsayawa jimami ba ce in akwai aiki. Ta kalli agogon bango.

"Ƙarfe nawa za ku fara gobe?"

"Tara. Kuma mai kantin kwalin ya ce nawa ne na ƙarshe. Ko da akwai, kwana biyu na yi ina zanawa."

"Wa ya ce miki kwali? Ja min akwatin can."

A ƙasan akwatin akwai wani farin yadi mai kauri, yadi huɗu, wanda Umma ta saya shekara biyar da suka wuce tana jiran ranar da ta cancance shi. Ko Baba bai isa ya taɓa shi ba. Ta warware shi a kan teburin yanka, ya sauka har ƙasa ta kowane gefe.

"Umma, wannan ai na ajiyarki ne."

"Ajiyar ta ƙare. Ruga ki kira min babanki, ki ce ya taho da alƙalamin da yake rubutu a jikin ƙarfe. Ki biya ki kamo hannun Kaka."

Kafin la'asar shago ya zama wani abu daban. Aka zazzage buhunan ƙyallayen nan uku a ƙasa, tarin shekara da shekaru, aka shiga tsinta. Jan siririn ƙyallen ado ya zama layin dogon jirgin, Umma ta bi shi da keke tana murɗa yadin, yana hawa yana juyawa kamar yadda yake a hoto. Shuɗin ƙyalle ya zama tafki, maɓallai suka zama tayoyi da fitilu. Kaka na zaune a kujerar masu jiran ɗinki tana ba da umarni.

"Wannan ɗankwalin da kuka sa min bai tashi sosai ba. Gudu fa muke yi!"

Baba ya durƙusa yana rubuta adadin da hannunsa na mai auna ƙarfe, Lauya na karanta masa.

"Jirgin sama, miliyan huɗu."

Kowa ya saci kallon Umma. Ta tsayar da keken.

"Kujerun gaba," ta ce. "Masu kwantawa. A rubuta."

Shago ya ɗauki shewa. Maƙwabciya mai sayar da kayan kwalliya ta leƙo ta ga ko lafiya, aka miƙa mata allura ita ma. Duk adadin da aka kira sai Umma ta amsa da "A rubuta," tun tana yi da ƙyar har ta fara jin daɗinsa. Da aka zo kan otal ma ita ta tambaya ko ana kawo wa mutum shayi har gado, aka ce ana kawowa, ta ce to a tabbata da madara.

Rana ta yi ja a bakin ƙofa lokacin da Baba ya iso layin ƙarshe. Ya rubuta "Na Umma," ya ɗaga alƙalami ya jira. Lauya ta ajiye littafin farashin a cinyar mahaifiyarta.

Umma ta fara buɗawa. Ta wuce lilo, ta wuce jiragen ruwa, ta wuce gidan cin abinci mai juyawa. Abin mamaki, tambayar ta yi mata wuya fiye da duk wani ɗinki da ta taɓa karɓa, don rabon da wani ya tambaye ta abin da take so, ita kanta ta manta. Can wajen ƙarshe ta tsaya a wani shafi. Kantin tufafi ne a cikin otal ɗin. Wata mata na tsaye ta buɗe hannuwa, wata kuma ta durƙusa tana auna ta da tef.

"Wannan," ta ce a hankali. "Riga. Wadda ba ni na ɗinka ba. In tsaya kawai a auna ni, in tafi in sha shayi, in dawo in tarar an gama."

Shekara ashirin tana auna mutane, ba wanda ya taɓa zagaya tef a kafaɗarta. Baba ya sunkuyar da kai yana gyara murfin alƙalami.

Lauya ta leƙa farashin. "Akwai ta dubu sittin, akwai ta dubu ɗari."

"Ta dubu ɗarin."

"Ba za ki nemi ragi ba?"

"Malam, rubuta kafin in dawo hayyacina."

Washegari mutum biyu suka riƙe wa Lauya yadin a gaban aji, don ya fi allo faɗi. Umma na zaune a layin baya tsakanin iyaye, hannunta na murza bakin mayafi. Yara suka miƙe tsaye don su ga hoton Kaka a kujerar gaban jirgin a jikin yadin. Lauya ta karanta kasafinta tiryan-tiryan, ta kare kowane adadi kamar a kotu, har ta kai ƙasa.

"Na Umma, riga ɗaya da wani zai ɗinka mata, dubu ɗari. Jimla miliyan goma. Rara, babu."

Malama ta bi lissafin da na'urarta, ta ɗago tana murmushi. "Ba gibi, ba rara," ta ce. Aji ya kaure da tafi. Umma ta duba da kyau, ba ta ga ido ko ɗaya a kan siket ɗin ba.

Ranar Asabar da safe ta tafi kasuwa ta dawo da sabon yadin makaranta. Ta tsayar da Lauya a tsakiyar shago, ta auna ƙugu, ta auna tsawo, ta ja layi da alli. Sannan ta ɗauki almakashi. Hannunta da kansa ya matsa faɗin yatsa uku, inda ya saba. Ta tsaya, ta dawo da shi kan layin.

"Umma, in na girma fa?"

"In kin girma a ɗinka wani," in ji Umma. "Wannan na yau ne."

Ta yanka a kan allin.